Darasi: Sa Ido a kan Ɗan Kwangila a Ayyukan Gwamnati

Aikin gwamnati yana da ranaku biyu da kowa ke halarta, ranar aza harsashi da ranar ƙaddamarwa. A ranakun nan akan kafa rumfa, a jera kujeru, maroƙa su cika wuri. Sai dai ƙarfin aji ko asibiti ko kwalbati, a tsakanin ranakun biyu ake samar da shi ko a rasa shi: da hantsin wata Talata, lokacin da lebura ke juye kankare a ramin fandisho, babu kowa a wurin sai foman da birkila. Wannan darasi zai duba yadda hukumar da ta ba da kwangila take bibiyar wanda ta ba, da me ake auna ƙoƙarinsa, yaushe ya cancanci a biya shi, da kuma abin da mutumin Rawayau ko Wurma ko Birchi a ƙasar Kurfi zai iya yi ba sai ya zama injiniya ba.

Mu fara daga Zobe

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gina a kan kogin Karaduwa a ƙasar Dutsin-Ma, an kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. An yi ta ne don noman rani da ruwan sha. Aikin tace ruwan da tura shi ta bututu zuwa garuruwa an fara shi a 1992, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da kashin farko. Ku ƙirga da kanku: shekara 29 ke nan. Yarinyar da aka haifa a shekarar da aka fara aikin ta girma tana jan guga, ta yi aure, 'ya'yanta ma sun fara ɗaukar jarka, ga kuma ruwa jibge a bayan gari.

Zobe ba ita kaɗai ba ce. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da takardar kwangila da sa hannu da hatimi. Takarda dai ba a rasa ba. Abin da aka fi rasawa shi ne mai bin sawun aikin mataki-mataki, da kuɗin da zai riƙa fitowa a kan kari, da rubutaccen tarihin da zai hana a sake miƙa wa wanda ya gaza wani sabon aiki.

Abin da doka ta ce

A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Jihar Katsina, ya sa hannu a dokar ba da kwangila da sayen kayan gwamnati. Ita ce ta kafa hukumar da ake kira BPP a taƙaice. Dokar ta shafi ayyukan Gwamnatin Tarayya, da duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa daga asusunta ya fito. Jihar Katsina kuma tana da tata dokar da tata hukumar masu kula da kwangilolin jiha. Saboda haka tambayar farko a kan kowane aiki ita ce: na wa ne? Na tarayya ne, ko na jiha, ko na ƙaramar hukumar Kurfi, ko kuwa aikin mazaɓa ne da ɗan majalisa ya sa a kasafin kuɗi? Wanda bai san mai aiki ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Dokar ta ce a tallata kwangila, a bar kamfanoni su yi takara, a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ku riƙe ƙarshen maganar nan da kyau, domin mutane da yawa rabinta suke ji. Ba a ce a ba mafi araha kawai ba. Araha ba ta ado. Kamfanin da ya karya farashi har ƙasa da kuɗin siminti da rodi, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya riga ya ƙudurta inda zai rage.

Takardar da ake auna aiki da ita

Kowace kwangilar gini tana tafiya da zane da kuma takardar lissafin kayan aiki, wadda ma'aikata ke kira bil. A cikinta ake rubuta zurfin fandisho, kaurin rodi, haɗin kankare, irin kwanon rufi, yawan ƙofofi da tagogi, har da fenti shafa nawa. Kowane layi da adadinsa da farashinsa. Wannan takarda ita ce ma'auni. Idan ba ta hannunka, duk abin da za ka faɗa a kan aikin ra'ayi ne, kuma foman zai ce maka, "Haka aka ba mu." Idan tana hannunka, magana ta koma ta awo: an rubuta rodi mai milimita 12, ga mai 10 a ƙasa.

Hukuma mai sanin ya-kamata tana auna ɗan kwangila a kan inganci da lokaci da kuɗi, sannan da yadda yake amsa gyara idan an nuna masa kuskure. Wannan na ƙarshe ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ya fi nuna halin mutum. Kowane magini yana kuskure. Na kirki idan aka ce ya rushe ya sake, sai ya rushe ya sake. Ɗayan kuwa sai ya ɗauki waya ya kira wani babba.

Wuraren da ake rufewa

A nan ne zan so mu daɗe, domin nan ne zuciyar darasin. Galibin ha'incin gini a wuraren da za a binne ko a lulluɓe ake yin sa. Fandisho ƙasa ce za ta rufe shi. Rodi kankare ne zai haɗiye shi. Bulo fulasta ce za ta suturta shi, katakon rufi kuma silin ne zai ɓoye shi. Da zarar an shafa fenti, aji mai shekara 40 a gaba da aji mai damina uku kamarsu ɗaya a hoto. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce kada ɗan kwangila ya rufe wani mataki sai injiniyan hukuma ya zo ya gani ya sa hannu. Hukumar da ta bari aka zuba linta ba ta ga rodin da ke ciki ba, ta riga ta sayi abin da ba ta gani ba.

Ɗauki kankare. Haɗin da aka fi rubutawa a ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne. Mai son ragi ba ya canza komai da ido zai kama daga nesa. Kwanon sarki ɗaya ko biyu na yashi kawai yake ƙarawa a kan kowane buhu, ya kuma tsuga ruwa don haɗin ya yi saurin zuba. Wanda ya tsaya minti 20 yana ƙirga kwanon sarki zai san gaskiyar aikin fiye da wanda ya zo da mota ya zagaya ya tafi. A manyan ayyuka akan ɗebi kankaren a zuba a ƙananan akwatuna, a kai ɗakin gwaji a matse shi da inji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, a ga nauyin da zai iya ɗauka. Sakamakon gwajin nan yana cikin takardun da ya kamata a gani kafin a biya.

Sai ban-ruwa. Kankare da bulo suna buƙatar a riƙa jiƙa su aƙalla kwana 7, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. A ƙasarmu, inda ake yawan gini da rani kuma ruwan sai an saya a wurin 'yan garuwa ko a tanka, wannan shi ne abu na farko da ake yankewa. Zafin bazara ko iskar hunturu su busar da daɓe a yini guda, bayan zango ɗaya na karatu sai ka ga ƙasan aji ya farfashe, yara na zaune cikin ƙura. Ban-ruwa ba ya buƙatar ilimin injiniya kafin a gane an yi ko ba a yi ba. Maƙwabciyar makaranta da ke wucewa safe da yamma ta fi kowa sani.

Bulo kuwa, ɗauki ɗaya ka kankare gefensa da ƙusa ko makulli. Idan yana zubar da gari kamar busasshen ƙuli-ƙuli, an ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima. Wannan ba gwajin hukuma ba ne, amma ya isa dalilin da za a nemi injiniya ya zo ya duba.

Rufi shi ne inda muka fi shan wahala. Duk shekara iskar farkon damina tana yaye kwanon azuzuwa, a ce ƙaddara ce. Iska dai daga Allah take, amma sau da yawa idan ka duba za ka tarar ba a ɗaure katakon rufin da jikin ginin da langa-langa ko rodi ba, ko an sa ɗanyen katako ba maganin gara, ko kwanon ya fi wanda aka rubuta sirantaka. Duk waɗannan ana ganinsu da ido kafin a buga silin. A hanya ma haka abin yake: jar ƙasa a shimfiɗa ta hawa-hawa, a jiƙa, rola ta danne kowane hawa, a kuma gama magudanar ruwa da kwalbati. Kwalta a kan ƙasar da ba ta dannu ba damina biyu ce iyakarta.

Yadda kuɗi ke fita

Ga misali na lissafi, ba wani aiki na gaske ba. A ce an ba da kwangilar azuzuwa a kan naira miliyan 20. Dokar 2007 ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, wato miliyan 3. Gyaran da aka yi a dokar kuɗi ta 2020 ya ɗaga iyakar zuwa kashi 30 ga kamfanonin cikin gida, wato miliyan 6. Kuɗin nan ba kyauta ba ne, kuma ba a sakinsa sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, domin idan ya karɓa ya ɓace a san inda za a bi. Akwai kuma lamunin kammala aiki, wanda bai gaza kashi 10 ba, wato miliyan 2 a misalinmu.

Bayan kafin alƙalami, sauran biya duk a kan awo yake. Ɗan kwangila ya kai wani mataki, jami'an hukuma su zo su auna abin da ke ƙasa, su rubuta satifiket, a biya daidai abin da aka auna, a kuma riƙa zare kafin alƙalamin kaɗan-kaɗan. Daga kowane biya akan riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin ɗari, miliyan 1 ke nan a jimlace. Ba a sakin wannan sai an miƙa aiki an kuma jira wa'adin gyara, wanda a gine-gine yakan kai wata shida ko shekara. Idan bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo a cikin wa'adin, shi zai gyara da kuɗinsa. In ya ƙi, a gyara da abin da aka riƙe. A ganina duk aikin da aka gama da rani, bai kamata a saki kuɗin nan ba sai damina ta wuce a kansa.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan duka guda ce: kada kuɗi su riga aiki. Ranar da aka biya kashi 80 alhali kashi 40 ne a ƙasa, hukuma ta saki linzami, sai dai roƙo.

Akwai wata cuta da ke cin kuɗin tun kafin su iso, ita ce sayar da kwangila. Wanda aka ba takarda ba shi da ko shebur, sai ya cire kashi 10 ya miƙa wa wani. Miliyan 20 ta koma 18. Na biyun ma ya cire nasa kashi 10, ta koma miliyan 16 da dubu 200. Miliyan 3 da dubu 800 sun tafi ba a sayi buhu ɗaya ba, ga haraji, ga shi na ukun ma riba yake nema. Daga ina zai fitar da ita in ba daga siminti da rodi ba? Shi ya sa yana da muhimmanci a san ko sunan da ke kan allo shi ne mutumin da ke wurin aiki.

Gwamnati ma tana da nata alhakin

Zalunci ne a ɗora wa ɗan kwangila kowane laifi. Da yawansu mutanen kirki ne da suka ci bashin banki ko na 'yan kasuwa suka yi aiki, satifiket ɗinsu ya kwanta a ofis wata da watanni. Dokar 2007 ta san da haka: ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardun awo jinkiri ne, kuma hukuma za ta biya ƙari a kansa kamar yadda kwangila ta tanada. Hukumar da ba ta biya a kan kari ba ta da bakin tsawata wa kowa. Haka nan bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya karɓi aiki a tsohon farashi ya shiga tsaka mai wuya. Hanyar da ta dace ita ce ya rubuta, a zauna a duba, a amince da sabon farashi ko a rage girman aikin a rubuce. Hanyar da ba ta dace ba ita ce a yi shiru, ya rama asararsa a cikin fandisho.

Tsaro ma dalili ne na gaske, kuma mutanen Kurfi da Safana da Batsari ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Aikin samar da lantarki da iska mai megawat 10 a Lambar Rimi ya tsaya cak na tsawon lokaci bayan da aka sace wani injiniya Bafaranshe a Rimi a watan Disambar 2012. Irin wannan uzuri kwangila ta tanadar masa ƙarin wa'adi. Wanda kuwa ya makara ba dalili, akwai tarar jinkiri da ake cira daga kuɗinsa gwargwadon kwanaki ko makonnin da ya ƙara. Aikin mai sa ido shi ne ya rarrabe uzuri da fakewa da uzuri, kuma ba zai iya ba sai yana da littafin da ke nuna ranar da aka zo aiki da ranar da ba a zo ba.

Littafin nan shi ne kuma tarihin ɗan kwangila. BPP tana ajiye rajistar kamfanoni, tana da ikon hana kamfani shiga takara. Kamfanin da kotu ta kama da laifi a ƙarƙashin dokar ana hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Amma hukunci ba ya yiwuwa ba hujja, hujja kuwa a wurin aiki ake tara ta.

Rabonmu a ciki

Injiniyan hukuma ɗaya yakan riƙe ayyuka da yawa a ƙananan hukumomi daban-daban, wani lokaci ba shi da ko man babur. Mutanen gari kuwa kullum suna nan. Ƙaramar hukumar Kurfi mazaɓu goma gare ta, biyu daga ciki na Rawayau ne. A kowace akwai kwamitin kula da makaranta, akwai na asibiti, akwai birkiloli da kafintoci da suka san aiki sarai. Abin da ya rage shi ne tsari da ladabi.

Ba a zuwa wurin aiki da hayaniya, ba a kuma tsayar da lebura. Shugaban kwamiti ya je da mutum biyu, ya yi sallama.

"Sannunku da aiki, Malam foman. Yaya rana?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Sannunku da zuwa."

"Mu ne kwamitin makarantar nan. 'Ya'yanmu ne za su zauna a ciki. Yaushe za ku zuba linta? Muna so mu zo mu ga rodin tare da injiniya kafin a rufe."

Magana ta ƙare a nan. Foman ya san akwai ido, kuma ba a ci mutuncinsa ba. Idan an ga abin da bai dace ba, a rubuta rana da abin da aka gani, a ɗauki hoto da waya, a sanar da mai unguwa da dagaci, a kai takarda ga hukumar da ta ba da aikin, a kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan abin ya gagara, a kai wa hakimi, Maraɗin Katsina a Kurfi ko 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tun 2019 take bin ayyukan mazaɓu, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa su gama abin da suka bari.

Sharaɗi guda ne a kan mai sa ido, kuma mai nauyi ne: kada ya karɓi komai. Ɗan kwamitin da ya karɓi na goro, ko ya nemi a ba shi kwangilar kawo yashi, ko ya kwashi ragowar bulo ya kai gida, bakinsa ya rufu har a gama aikin.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi aikin gwamnati ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu, wanda ake yi ko wanda aka bari. Ku kwafo duk abin da ke kan allonsa: sunan aikin, hukumar da ta bayar, kamfanin da aka ba, da wa'adi idan an rubuta. In babu allo, ku rubuta cewa babu, domin wannan ma bayani ne. Sannan ku lissafa: idan kwangila ta naira miliyan 35 ce, nawa ne kafin alƙalami a kashi 15, nawa ne a kashi 30, nawa ne kuma za a riƙe a kashi 5? Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya tafi da abokin karatunsa, ɗaya ya karanta, ɗaya ya rubuta. Ku zo da littattafanku, da su za mu rubuta takardarmu ta farko zuwa ga hukuma.